Tsuntsun da Ya Zura Ƙafa a Tukunya

A Agegen yanzu mutane ba sa ɗaga kai. Ban ce laifinsu ba ne. Wanda zai tsallaka titi tsakanin motocin danfo da baburan okada, ga kwata a buɗe, ga mai baro yana yi masa ihu a baya, ina ya ga sararin duba sama? In ma ya duba, wayoyin lantarki zai gani sun sarƙe, da gadar sama, da jirgin da ke sauka Ikeja yana girgiza kwanon rufi. Ina jin ni kaɗai na rage da wannan ɗabi'a a layinmu, ko da yake ban bi gida-gida na tambaya ba. Tun da na ajiye aiki, mai ɗakina ta rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, saman benenmu ya zama wurin zamana. Bayan na karya kumallo nakan hau da kujerar roba da butar shayi, da madubin hangen nesa da littafin tsuntsaye da babbar 'yata ta aiko mini. 'Yan haya sun saba. Matar da ke shanya a can takan ce, "Alhaji, yau ma ana duba jirage ne?" Sai in ce mata eh, don amsar gaskiya tana da tsawo. Ina kallon duk abin da ya gifta, hankaka ne ko balbela ko shirwa, amma tsuntsu ɗaya nake nema. Sau ɗaya na taɓa ganinsa ina saurayi, kuma a kansa na rasa mutumin da ya fi kowa kusa da ni, alhali yana raye.

Agegen da na tashi a ciki unguwar goro ce. Bayan gidanmu babu bene ko ɗaya, sai bishiyoyin kwakwar manja da gonakin Yarbawa har inda ido ya tsaya. Da safe abin da ake ji shi ne jiniyar jirgin ƙasa, da ƙarar ruwa a daro inda mata ke wanke goro, da muryoyin masu ɗaurin huhun goro suna gardama a kan ganye, wannan ya ce ya bushe wancan ya ce da sauransa. Ungulaye kan jeru a kan rufin mayanka kamar masu jiran rabon gado. Yau sai in yi wata da watanni ban ga ungulu ba, ban kuma sami wanda ya lura cewa sun tafi ba. Shirwa kan iso in damina ta ɗauke, lokaci ɗaya da 'yan ci-rani, sai tsofaffi su nuna ta da baki su ce mutanen gida sun fara sauka. A wancan zamani sama tana cikin hira. Mai kaji da mai tattabara dole ya san abin da ke yawo a kansa, yaro ma yana iya bambance inuwar shaho da ta hankaka tun bai ɗaga kai ba.

Mahaifina fataucin goro yake yi, amma zuciyarsa tana wurin tattabaru. Da su ya zo daga Arewa, ko dai kakanninsu, ya kuma yi musu gida irin na can. Tukwanen ƙasa masu faɗin baki aka rarrataye a bangon baya, can sama dab da rufi, bakinsu na kallon bishiyoyi. Dalilin ratayewa sama shi ne kyanwa da gafiya da maciji, don a sanin mutanenmu ɓarnar cikin sheƙa daga ƙasa take hawowa. Ɓarnar sama kuwa shaho ne, shi kuma a iska yake bugu. Da an hango shi sai a kaɗa gwangwani a yi fito, tattabaru su zubo su shige tukwane, shi ke nan an tsira. Baba bai sayar da 'yan shila ba ko sau ɗaya. Na mai jego ne da marar lafiya. In aka haihu a layinmu, ko Bahaushe ko Bayerabe, sai ya aika da guda biyu a kwando a yi wa mai jego farfesu, kuma yana jin daɗin wannan fiye da cinikin huhu goma. Ya koya mana karanta ɓarna kamar yadda ake koya wa yaro baƙi da wasali. Kyanwa tana barin gashi a warwatse. Gafiya tana barin jini da kai. Maciji in ya haɗiya nauyi kan hana shi fita, sai a same shi a nannaɗe a ciki. Shaho kuwa babbar tattabara yake ɗauka, gashin kuma yana saukowa daga sama a hankali. Yakan ce kowane ɓarawo da irin shararsa.

Sai aka kawo mana ɗan gwaggona daga ƙauye ya koyi sana'ar goro. Sa'ana ne, taubashina kuma, don haka tun ranar da ya sauka daga jirgi wasa ya kama. Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu, kafin zuwansa ni kaɗai nake kwana a ɗakin zaure da littattafaina. Ya shigo ya ajiye ƙunshinsa a kan katifata ya ce, "Bawana, kawo ruwa, maigidanka ya sha hanya."

Na ce, "Wa ya sayi wani a nan? Kai da aka aiko a taragun albasa?"

Ya ce, "Ji Hausa kamar ana tauna rogo. Kawu, wannan a kasuwa kuka tsince shi?"

Baba ya yi kamar bai ji ba, amma na ga kafaɗarsa tana motsi. Daga ranar ban ƙara cin abinci ni kaɗai ba. Ni na koya masa Yarbanci, na fara da zagi na ce masa gaisuwa ce, ya je ya gwada a kan mai sayar da burodi. Shi ya koya mini fiton tattabara da yatsu biyu, da yadda ake riƙe ɗan shila ba a matse masa ƙirji ba. Hannunsa yana da sanyi a kan tsuntsu, suna sauka a kafaɗarsa tun bai fito da dawa ba. Da Baba ya ga haka sai ya danƙa masa komai, ƙwaryar hatsi da kaskon ruwa da tsani. Tsanin nan guda ɗaya ne a gidan, ba a kai wa tukwane sai da shi, kuma a bayan ƙofar ɗakinmu yake kwana.

A cikin rani na biyu da zuwansa 'yan shila suka fara ɓacewa. Yau a ga biyu a tukunya, jibi a ga ɗaya, wani lokaci ba ko ɗaya. Baba ya duba gindin bango, babu gashi, babu jini. Ya sa aka share ciyawa aka zuba toka don a ga sawu, toka ta wayi gari lumui. Ya hau da kansa ya laluba kowace tukunya ko akwai maciji, babu. Manyan tattabaru kuwa cif suke, ba wadda shaho ya taɓa. An ɗauke ɗan shila ne tsaf, kamar yadda ake ɗauke ƙwai a akurki. Na tuna yana saukowa daga tsani yana karkaɗe tafin hannu, bai kalli kowa ba ya ce, "Wannan aikin hannu ne." Bai ambaci suna ba. Ba a ma bukatar ya ambata. Taubashina yana tsaye riƙe da ƙafar tsanin. Abin da ya ƙara dagula al'amari, a makon ne matar maƙwabcinmu ta haihu, karo na farko kuma kwandon Baba bai je gidan jego ba. Mata suka fara magana a wurin wankin goro. Wata ta ce ai an ga yaron yana yawan tsayawa wurin mai tsire a bakin tasha. Gaskiya ne yana tsayawa, mutumin ɗan garinsu ne, nan yake jin labarin gida.

Ni a lokacin ina shirin jarrabawar fita sakandare. Wata rana da tsakar rana, gida ya yi tsit, maza suna kasuwa mata sun shige ɗaka, na ɗauki littafi na zauna a bayan gida cikin inuwar wata kwakwa, na jingina ban motsa ba har na fara gyangyaɗi. Ƙarar fukafukai ce ta farkar da ni. Ba irin ta tattabara ba ce, wannan mai nauyi ce, a hankali, kamar ana kaɗa tabarma. Na ɗaga ido na ga wani babban tsuntsu launin toka maƙale a bakin tukunya. Da ƙafa ɗaya ya riƙe, fukafukansa a buɗe yana daidaita kansa da su, ɗaya ƙafar kuwa ya zura ta ciki har cinya yana lalube, kamar mace tana neman allura a ƙasan jaka. Ƙafafun dogaye ne, rawaya. Kansa ƙarami, fuskar babu gashi, rawaya ita ma, kuma ina kallo ta rikiɗe ta yi ja. Ya zaro ƙafar da ɗan shila a ciki, ya saki tukunyar, ya bi ta tsakanin bishiyoyi ba gaggawa. Wutsiyarsa baƙa ce da farin layi guda a gicciye. Iyayen tattabarun suna kan rufi suna kallo, ba wanda ya kaɗa gwangwani, don bai zo ta inda ake tsammani ba. Ban yi ihu ba, ban tashi ba har ya ɓace.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure tare da abokan hirarsa biyu, limamin layinmu da wani tsoho Badamagare da ya yi farauta a ƙuruciyarsa. Na durƙusa na faɗi abin da na gani. Tsohon ne ya karɓi tambaya, kuma ban ce ya yi rashin adalci ba, abin da ya sani ya bi.

Ya ce, "Wutsiyar a tsage take?"

Na ce a'a.

"To ba shirwa ba ce. Daga sama ya faɗo kamar jifa?"

"A'a, Baba. Maƙalewa ya yi."

"Ba shaho ba ne. Wuyansa a saɓule?"

"Fuskar kawai."

"Ungulu ma ta fita. Gaggafa ba ta shiga gari, wutsiya ma ba ta da ita. Saura me, Liman?"

Liman ya ce, "Saura jemage, shi kuma ba ya fita da rana."

Na ce fuskar tana canza launi, daga rawaya zuwa ja. Na san tun kafin in rufe baki cewa da na bar wannan a cikina. Tsohon ya tuntsire da dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce, "Ashe ɓarawon mai kunya ne. Yaro, wannan tsuntsu a littafin boko yake ko a dawa? Na kwana a daji tun ba a haifi ubanka ba, ban ga tsuntsu mai hannu ba. Faɗi sunansa mu ji."

Ba ni da suna. Na ce wallahi na gani. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce a hankali, "Ka kyauta wa ɗan'uwanka. Allah ya yi maka albarka. Tashi ka je." Wannan albarka ta fi dariyar ciwo. Da na fito na tarar da taubashina a bakin ƙofa yana ɗaure huhu, kansa a ƙasa. Duk abin da aka faɗa ya ji.

Na yi kwanaki ina tsaron bangon nan, na ajiye karatu. Tsuntsun bai dawo ba, ko kuma ya dawo lokacin da na je salla, ban sani ba. Na roƙi taubashina ya zo mu yi tsaron tare, ya ce yana da aiki a kasuwa. Da an bar tattabarun, an kulle tsani a ɗakin Baba, da gaskiya ta fito da kanta cikin mako biyu ko uku. Amma Baba ta wata hanya ya duba abin. Ya ce dabbar da za ta shiga tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Ya kira wani abokinsa daga unguwar Sabo da ke Yaba ya ba shi su duka kyauta, aka zuba su a kwanduna, aka sauke tukwane aka kife a gindin bango. A ganinsa ya rufa asiri ya kuma yafe. Bai taɓa yi wa yaron faɗa ba, bai rage masa abinci ba, ya ma ɗinka masa sabuwar riga. Da ruwan farko ya sauka 'yan ci-rani suka fara haɗa kaya, taubashina ya ce zai je ya taya gwaggo noma. Na raka shi tasha. Ya ce in gaida mutanen gida, kamar ba daga gidan muka fito tare ba.

Bai dawo ba. Ni na wuce jami'a, na yi aikin ofis a Ikeja har na tsufa. Shi ya yi noma da kiwo, ya tara iyali, ya zama mutumin da ake jin maganarsa a garinsu. Zumunci bai yanke ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ya zo ta'aziyyar Baba, na je ta gwaggo, ya turo 'ya'yansa bikin 'ya'yana. Amma wasan ya mutu. In mun haɗu sai gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina labarin damina, irin wadda ake yi wa suruki. Taubashin da ba ya tsokanarka baƙo ne. Ban taɓa ɗaga zancen ba, shi ma haka. Me zan ce? Abin da na faɗa a zaure shi ne dai abin da nake da shi, kuma shekaru suna tafiya ni kaina na fara tambayar ko gyangyaɗin nan ya ƙara wa abin gishiri. Mutum yana iya ganin abu ɗaya, son zuciyarsa ya ƙarasa masa sauran. Fuskar da ke canza launi ita ta fi damuna. Na bar gaya wa kowa wannan ɓangaren, har mai ɗakina ban gaya mata ba.

A ƙarshen daminar da ta wuce ne abin ya faru. Daga saman benenmu ana hango kwakwa guda da ta tsira a harabar wata makaranta, ƙananan tsuntsayen nan rawaya masu saƙa sun rataye sheƙunansu a ganyenta. Wata safiya na ji sun ɓarke da kuka gaba ɗaya. Na ɗaga madubi na ga wani abu launin toka yana reto a ƙarƙashin ganye, kansa a ƙasa, fukafukai a buɗe. Kafin in tsayar da shi sosai a ido ya tashi. Abin da na samu kawai wutsiya ce, baƙa da farin layi.

Ban yarda da kaina ba. A littafin akwai shaho masu launin toka fiye da ɗaya, har da wani ƙarami mai irin wannan layi a wutsiya, wanda na sha gani a kan turakun lantarki yana jiran ƙadangare. Na ce wataƙila shi ne, nisa ya ƙara masa girma. Amma wancan ƙafarsa ja ce, gajere ne, kuma ban taɓa ganin ya yi reto ba. Na koma washegari, da wanda ya biyo baya, na jingina madubin a kan bulo don kada ya girgiza. Na daina sauka shan shayin hantsi wurin mai shayin layinmu, har ya aiko a duba ko lafiya. Da ya ji dalili ya ce, "Oga, tsuntsu? Ka ƙara aure kawai, wallahi duk wannan zai wuce." A masallaci na gwada tambayar tsofaffin da suka rage, ba wanda ya taɓa kiwon tattabara a cikinsu. Ɗaya ya ce duk mai ɗaukar kaza shaho ne, me ya kawo rabe-rabe.

Sai ya dawo, da hantsi, rana tana bayana. Ya zo a hankali yana tafe yana lilo, ya sauka a kan kwakwar. Na bi shi daga kai zuwa ƙafa ina faɗa a fili kamar mai karanta wa wani. Kai ƙarami. Fuska ba gashi, rawaya. Baya launin toka da ɗigon baƙi a fukafuki. Ciki da siraran layuka baƙi da fari. Ƙafa doguwa. Ya tsinki 'ya'yan kwakwa ya ci tukuna, sannan ya gangara ya kama wata sheƙa da ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Masu sheƙar suka yi masa caa, fuskarsa kuwa ta yi ja a idona, a cikin madubi, da rana tsaka, ba gyangyaɗi. Na buɗe littafin na sami shafinsa. Na taɓa wuce shafin ba sau ɗaya ba, sai dai an zana shi a tsaye ne tsaf kamar mai jiran hoto, ban gane shi ba. Bayanin da ke ƙasa ya ce gwiwarsa tana lanƙwasa gaba da baya, don haka yake iya laluben rami da kogon bishiya da ƙarƙashin rufi, yana cin 'ya'yan tsuntsaye da 'ya'yan kwakwa, fuskarsa kuma tana yin ja in hankalinsa ya tashi. Akwai sunansa na Turanci da na masana. Na Hausa ban samu ba. Ba na cewa babu, wataƙila maharban wani wuri suna da shi, ni dai ban ji ba.

Na waiwaya don in ce wa wani ya zo ya gani. Saman benen ba kowa, sai zannuwan 'yan haya a igiya. Baba ya tafi, Liman ya tafi, tsohon Badamagare ya riga su duka. Matan wankin goro ba ko ɗaya. Wurin da bangon tukwane yake yanzu shagon cajin waya ne. A duk duniya mutum ɗaya ya rage da wannan labari zai yi wa ma'ana, ni kuma ina tsoron kiransa. Na yi ta juya abin. Tsoho ne mai jikoki da mutunci, in tono masa zargin satar 'yan shila? Ko ya manta? Ko ya ɗauka ina so in nuna ni ne mai gaskiya tun farko? Na bar kwanaki suka wuce, sannan wata ranar Juma'a bayan an sauko na hau sama na kira shi.

Muka yi gaisuwar nan tamu mai tsawo. Ya ce, "Alhaji, lafiya dai? Ba rasuwa ba ko?" Don kusan ita ce kawai ke sa mu kira juna.

Na ce, "Lafiya lau. Wata tsohuwar magana ce, in ba za ka ji haushi ba. Ka tuna tattabarun Baba?"

Ina jin akuya tana kuka a bayansa. Ya ce, "Na tuna."

Na ce, "Na ga tsuntsun. Sau biyu, na biyun da kyau. Yana cikin littafi ma, da hotonsa da komai."

"Wane tsuntsu?"

"Wanda na faɗa a zaure. Mai zura ƙafa."

Ya ce, "Alhaji, mun tsufa. Kawu ya rasu, wanda za a ɓoye wa ba ya nan. Bar shi haka."

Ban gane ba da farko. Na ce me za a ɓoye.

Ya ce, "Ranar nan ina bakin ƙofa. Da na ji ka fara zancen tsuntsu mai jan fuska, na ce shi ke nan, har kai ma ka yarda ni na ɗauka, ga shi kana ƙago mini mafita. Na Kawu bai dame ni sosai ba, babba ne, abin da ya gani ya bi. Kai ne muke ɗaki ɗaya. Kai ka san ko tsanin nan yana fita ko ba ya fita."

Na ce, "Ban ƙaga ba. Wallahi ban taɓa zarginka ba, ko na minti ɗaya."

"Da ƙafa ya ɗauka?"

"Da ƙafa."

"A cikin tukunya?"

"Har cinya."

Ya ja numfashi, ya yi salati a hankali. Na ce zan sa a ɗauki hoton shafin a tura wa wani a gidansa ya nuna masa. Ya ce kada in wahalar da kaina, idonsa ya yi rauni tun bara, fuskar mutum ma sai ya matso yake ganewa. Ban san da wannan ba. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Na ji yana gaya wa wani a kawar da akuyar nan, na ji an ja kujera. Sannan ya dawo kan wayar ya ce, "To ina zaune. Wancan karon ban saurara ba. Faɗa mini kamanninsa, kada ka yi sauri, kada kuma ka tsallake fuskar."

Na gyara zama, na fuskanci kwakwar, na fara daga kai.